Ranar da manhajata ta ƙi dawowa

Akwai wata 'yar manhajar lissafin ciniki da na rubuta wa shaguna kaɗan a nan Kumasi, galibi masu kayan mota a Suame Magazine, sai wani kantin magani a Aboabo. Yawo da filashi shago-shago ya ishe ni, sai na haɗa mata sabuntawa ta shiru da Inno Setup, manhajar da ake shirya fayil ɗin girkawa da ita, ta amfani da /VERYSILENT, umarnin da ke sa ta girka ba tare da nuna komai a allo ba.

Ranar farko, ana dab da la'asar, Alhaji, ɗaya daga cikin masu shagunan, ya bugo. "Malam, abin naka ya ɓace. Ga mutum tsaye da kuɗinsa a hannu, ba rasit." Jikina ya yi sanyi. Sabuntawar ta rufe manhajar, ta gama aikinta lafiya, amma ba ta sake buɗe ta ba. Laifina ne: a sashen [Run], inda ake rubuta abin da za a buɗe bayan girkawa, na bar alamar skipifsilent, wadda ke cewa in shiru ake girkawa, kada a tayar da komai. Na kuma ɗauka /NORESTART ce ke da hannu, ashe ita kwamfutar kanta take hana sake kunnawa, ba ruwanta da manhaja.

Sai na cire alamar, na mayar da sabuntawar tsakar dare ta Task Scheduler, mai tayar da aiki a lokacin da aka sa masa a Windows. A nan na fi shan wuya. Aikin yana gudana da sunan SYSTEM, wato asusun Windows kansa ba na mai shago ba, don haka manhajar ta tashi a inda ba mai ganinta, domin tun daga Windows Vista aka raba irin wannan aiki da allon mai amfani. Da safe yaron shago ya danna, ya sake dannawa, saƙo ɗaya yake gani: wani na riƙe da fayil ɗin bayanai, ashe waccan manhajar da ta tashi a ɓoye ce. Na iske shi ya koma littafi da biro, yana rubuta farashin kowane filogi da hannu.

Na duba Restart Manager na Windows ma. Yana iya mayar da manhaja, amma sai ita da kanta ta yi rajista ta RegisterApplicationRestart, tawa kuwa ba ta yi ba.

Abin da na zauna a kai shi ne manhajar ce ta san ko a buɗe take. Yanzu ita ke kiran sabuntawar, ta haɗa da wata kalma tawa, /RELAUNCH=1, ni kuma na sa sharaɗin Check a [Run] ya duba ta. In kalmar na nan, a buɗe ta da sunan mai shago. In babu, a bar ta a rufe yadda aka same ta. Kuma muddin akwai rasit da ba a kammala ba, ba ta yarda a taɓa ta.

Makon jiya na zauna a shagon Alhaji ina kallo. Allon ya ɗan ƙifta, manhajar ta dawo, shi kuwa yana can yana ciniki a kan taya bai ko waiwayo ba.