Motar rimot: inda muka tsaya kan zaɓen mota da ajin 'yan koyo

'Yan uwa masu koyon tuƙin motar rimot a Birnin Kebbi da kewaye, ga inda aiki ya tsaya. An gama shawarar irin motar da za a saya, an shata fili, yanzu ƙa'idar ajin 'yan koyo ake gwadawa. Wanda bai riga ya sayi mota ba ya ɗan dakata, domin yawancin asarar wannan harka ranar saye ake tafka ta.

Motar shagon kayan wasan yara ba ita muke nufi ba. Ana gane ta a sitiyari: ko ta karya hagu gaba ɗaya ko dama gaba ɗaya, babu tsaka-tsaki. Motar gasa kuwa gwargwadon yadda ka murɗa haka taya za ta juya, gwargwadon yadda ka ja kunamar rimot haka za ta ba da gudu. Rimot ɗinta na 2.4GHz ne, motoci goma za su shiga fili ɗaya babu wadda za ta karɓi umarnin wata, saɓanin tsofaffin na 27MHz. Kowane ɓangare nata da sukuru aka ɗaure shi, kuma yana da lambarsa a littafin da ke cikin kwali. Kafin ka tambayi gudunta, tambayi mai sayarwa ko ana samun hannun tayar gaba da babbar giya, don su ne ke fara tafiya, kuma odarsu daga waje sai an yi makonni ana jira.

Girman da aka fi gasa da shi shi ne 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na girman motar gaske. Sai dai ba kowace 1/10 ce ta dace da ƙasarmu ba. Tamiya TT-02 mota ce mai kyau ga ɗan koyo, amma cikinta a ƙasa yake, sai kwalta mai laushi ko siminti. A yashi da tsakuwa jan ciki kawai za ta yi. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce irin Traxxas Slash, da ta fito a 2008, tsawonta ya ɗan haura rabin mita. Bodinta ya rufe tayoyi, saboda haka idan biyu suka gogi juna a kwana ba sa hawa kan juna su kife. Na'urar da ke raba wa injinta wuta, wato ESC, tana da saitin koyo da ke rage ƙarfi zuwa rabi. Arrma Senton ma irin wannan ƙira ce. Mai ƙaramin aljihu yana iya duba WLtoys 144001, mai girman 1/14. Tana da zafin nama, amma tayoyinta ƙanana ne, yashi mai zurfi na shaƙe ta.

Ko wacce aka zaɓa, a zaɓi iri ɗaya. Wannan ya fi sunan kamfani muhimmanci. Mutum biyar masu mota iri ɗaya akwatin kayan gyara ɗaya ya ishe su, wanda hannun tayarsa ya karye ya ara a wurin ɗan uwa ya koma fili. Kuma duk wanda ya zo na ɗaya an san hannunsa ne ya kai shi.

Mai ja da tayoyin baya kaɗai ta fi koya wa mutum ladabin totur, don da ka danne da ƙarfi a kwana sai ta juya baya. Kayanta ma ba su da yawa. Mai ja da huɗu ta fi sauƙin riƙewa a ƙasa mai sako-sako, amma tana da difa biyu da ƙarin boris da ƙura za ta ci. A fili mai tauri mai ja da tayoyin baya muka fi so. Kada dai a haɗa su a aji ɗaya. Motar nitro kuma a bar ta tukuna: man da take sha ba fetur ba ne, haɗin methanol ne da nitromethane, samunsa aiki ne, saita kafiretonta kuma wani karatu ne daban.

Maganar inji tana rikita mutane, ga ta a sauƙaƙe. Lambar da ake rubutawa da harafin T a jikin inji adadin naɗin waya ce, kuma ƙaramar lamba ita ta fi gudu. A filayen Amurka da Turai ana raba aji da wannan lamba a injin da ba shi da buroshi (ɗan gawayin da ke kai wuta ga ɓangaren da ke juyawa): 21.5T, 17.5T, 13.5T, sannan ajin da babu iyaka. Mu a matakin nan injin da ya zo da mota, mai buroshi, shi za a bari. Aibinsa shi ne ƙurar hunturu na shiga ta ramukansa ta cinye buroshin, amma sabo ba shi da tsada kuma sukuru biyu ne ke riƙe da shi.

Zafi shi ne babban abokin gaba. A Maris da Afrilu rana kan wuce digiri 40 a nan, inji tun bai tashi ba ya ɗumama. Bayan minti biyar na gudu ɗora yatsa a jikinsa. In ba ka iya ƙirga uku ba, ya yi zafi da yawa. Mai ma'aunin zafi kada ya bari ya haura digiri 70. Maganinsa a sauya ƙaramar giyar kan inji da wadda ta gaza da haƙori biyu: gudu zai ɗan ragu, inji ya huta. Wajen mayarwa, saka siririyar takarda tsakanin ƙaramar giya da babba, matse su, ɗaure sukuru, sannan juya ka fitar da takardar. In sun matsu da yawa inji zai yi ta nishi yana zafi, in sun yi sako-sako haƙoran babbar giya, da yake roba ce, za su zube. Murfin giya kuma kada a yi gudu babu shi, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta isa.

Batir iri biyu ne. NiMH mai sel shida yana ba da 7.2V, yana da nauyi, amma yana jure ganganci. LiPo mai sel biyu 7.4V ne, in ya cika 8.4V, wato 4.2V kowane sel. Shi ba ya yafiya. Kada sel ya sauka ƙasa da 3.2V, don haka a kunna saitin yanke wuta na ESC kafin a saka shi. In za a ajiye shi fiye da kwana biyu a bar shi a 3.8V kowane sel. Caji da cajar da ke daidaita sel-sel, kuma batir mai 5000mAh kada ya wuce 5A. A yi cajin a kan siminti, cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a kusa, mutum na zaune. Ba a barinsa a rana ko cikin but ɗin mota. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a huda shi, kada a sake caja shi. Nemi caja mai karɓar 12V, sai ka jona ta da batirin sola ko na mota a bakin fili.

Fili: faɗin hanya kada ya gaza mita biyu da rabi, miƙaƙƙiyar hanya guda ta kamar mita 20, kwanoni biyar ko shida, babu tudun tsalle tukuna. A shata gefe da bututun roba, tsofaffin tayoyin babur a cikin kwana. A share tsakuwa, a yayyafa ruwa, a buga ƙasar kamar daɓen ɗaki. In an yi haka da yamma, da safe taya na kamawa. Direbobi su tsaya wuri ɗaya mai ɗan tudu, rana a bayansu.

Ƙa'idar ajin 'yan koyo da ake gwadawa daga tsarin filayen waje aka ɗauko ta. Tseren share fage minti biyar ne, sau uku, mota ba ta wuce shida a fili. Wanda ya fi yawan zagaye shi ne gaba, in an yi kunnen doki a duba wanda ya riga ƙarasawa. Mafi kyawun sakamakon mutum shi ke ba shi wurin tsayawa a tseren ƙarshe. Ƙarfi rabi ga kowa. Babu ribas, don mai komawa baya a kwana shi ke haddasa karo. Waɗanda suka gama nasu tseren su ne za su tsaya a kwanoni suna tayar da motar da ta kife, kuma direba ya saki totur har mai tayarwa ya janye hannu, taya mai juyawa na yanka yatsa. A waje ƙaramar na'urar MyLaps ke ƙirga zagaye. Mu mutum ɗaya ga kowace mota, da biro da takarda. Wanda ya ci tseren ƙarshe sau uku ya haura aji na gaba, ya bar wa na baya fili.

Ga lissafin da ya sa muka nace kan rabin ƙarfi. Minti biyar daƙiƙa 300 ne. A ce Malam wane yana zagaye a daƙiƙa 20 bai taɓa gefe ba, ya yi 15. Wani yana yi a 18 amma ya kife sau shida, kowace kifewa ta ci masa daƙiƙa 8 kafin a tayar: 48 sun tafi, 14 zai yi.

Abin da ke kayar da sabon direba sananne ne. Idan mota ta fuskanto shi hagu da dama sukan rikice masa. Maganinsa gwangwani biyu, tazarar mita 10, a yi ta zaga su a siffar lamba 8 har batir ya ƙare. Sai fizgar kunama maimakon ja a hankali, da taka birki a tsakiyar kwana alhali kafin kwana ake rage gudu. In rimot na da saitin rage karyawar sitiyari, a sauke shi zuwa kashi 70 ko 80.

Bayan kowane gudu a cire batir, a kakkaɓe ƙura da buroshin fenti, kada a wanke da ruwa. A duba gindin taya, zaren buhu da ƙarangiya na naɗewa a wurin su kashe boris. Taya soso ne a cikinta ba iska ba, ƙaya ba ta fasa ta, amma yashi na shiga ta ramin rim ya sa ta rawa, sai a toshe ramin da salatif. Alanki 1.5, 2 da 2.5 su kasance a aljihu, da sifana 7 ta notin taya.

Abin da ba a tsayar ba shi ne ko LiPo da NiMH za su zauna a aji ɗaya. LiPo ya fi sauƙin nauyi kuma ƙarfinsa ba ya faɗuwa da wuri, NiMH kuwa daga minti na uku ko na huɗu ake jin ya fara sanyi. Za a gwada mota ɗaya, direba ɗaya, da kowane batir, a rubuta lokacin kowane zagaye. In tazarar ta kai daƙiƙa ɗaya a zagaye, a raba su.