Gari, kuka da wuya: shekara guda ina wasan cike gidaje

A Legas, tafiya daga Agege zuwa wurin aikina a Apapa takan ci fiye da awa biyu idan cunkoson motoci ya riƙe mu, kuma a cikin danfo, gwiwa a manne da kujerar gaba, na fara, a wayata, wasa ƙwaƙwalwar nan na cike gidaje da haruffa wanda jaridar New York Times ke fitarwa kowace rana. Allo ne mai gida 15 a kwance da 15 a tsaye, wasu baƙaƙe, saura farare, kuma kowace tambaya tana da amsar da dole ta shiga gurbinta cif, ta kuma dace da kalmomin da suka gitta ta. Arthur Wynne ne ya fara buga irinsa a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba, 1913. New York Times ta fara nata a 1942, ranar Lahadi kaɗai, kafin ta mayar da shi na kullum a 1950.

Makonnin farko na sha wahala, domin ban san cewa an jera wasan kamar matakalar tsani ba: na Litinin ya fi sauƙi, yana ƙara tsauri har Asabar, na Lahadi kuma ya fi girma, gida 21 kowane gefe. Ni kuwa da na Alhamis na soma, ranar da aka saba ɓoye wata dabara a cikin allon, har wani lokaci gida ɗaya ya haɗiye kalma sukutum. Da na koma na Litinin sai ido ya fara buɗewa. Na daina dagewa sai na fara daga lamba ɗaya, na riƙa cike gajerun kalmomin da na tabbatar da su, haruffansu kuma suka riƙa haska mini dogayen amsoshi, waɗanda a cikinsu jigon ranar yake kwance. Da zarar mutum ya gane abin da ya haɗa dogayen amsoshi biyu, na uku da na huɗu sukan zo ba gardama.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne yarda da cewa ma'anar da ta fara faɗo mini a rai sau da yawa ita ce tarkon. Idan tambaya ta ƙare da alamar tambaya, mai shirya wasan yana gargaɗi ne cewa akwai lauje cikin naɗi, kalmar tana da wata fuskar da ba ita aka nuna ba. Nakan ajiye wayar idan na cije, in dawo mata bayan sallar azahar, sai in ga amsar a fili.

Cikin tsofaffin wasannin da na bi, babu wanda ya girgiza ni kamar na ranar zaɓen shugaban Amurka, 5 ga Nuwamba, 1996, wanda Jeremiah Farrell ya shirya. An nemi babban labarin jaridar gobe, wato sunan wanda ya ci zaɓe, alhali ba a gama jefa ƙuri'a ba. Gurbin yana da gida bakwai, kuma sunayen manyan 'yan takarar biyu duk sun dace: CLINTON ya shiga, BOB DOLE ma ya shiga. Tambayoyi bakwai da suka gitta sunan kowacce tana karɓar amsa biyu. Ta farko ta nemi wata baƙar dabba, kuma a Turanci kyanwa da jemage duk harafi uku ne, na farkon kaɗai ya raba su.

A nan ne tunanina ya dawo gida, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka Hausa cike take da kalmomi masu fuska biyu a takarda. Na sayi littafin lissafi mai gidaje, na zana ɗan allo mai jigo guda, na kai wa kawuna a rumfarsa ta goro a Agege wata Asabar da yamma. Ya gyara tabarau, ya karanta ta farko a hankali: "Ana jin sa a gidan makoki, ana kuma kaɗa miya da shi." Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kuka." Ta biyu ta ce, "Ba ta kisa, kuma a nan ake rataya sarƙa." Ya yi shiru yana juya goro a hannu, can ya yi murmushi ya ce, "Wuya." Da muka zo kan "Kano ne, kuma da shi ake tuƙa tuwo," sai ya ajiye biro.

"Yaro, waɗannan ai ba kalma ɗaya ba ce. Garin tuwo ana jan sa a baki, garin Kano ba a ja."

Na ce, "Gaskiya ne, Kawu, amma takarda ba ta da kunne, kuma a nan wasan yake."

Ya yarda da wannan, amma bai yafe mini wani kuskure ba. Domin kalmomi biyu su haɗu, na bar gida ɗaya ya zama k a tsaye, ƙ a kwance, ina zaton ba wanda zai kula. Ya ɗora yatsa a kan gidan ya ce wanda bai bambanta baki da baƙi ba bai kamata ya yi wa mutane tambaya ba. Na ji nauyin maganar, domin lanƙwasar da ke kan ƙ da ɗ da ɓ ma'ana take ɗauke da ita, kuma sai da na rushe kusurwar gaba ɗaya na sake gina ta cikin dare biyu.

Har yanzu muna ja-in-ja a kan sh da ts. Kawu ya ce tun da a abacada kowanne harafi guda ne, gida guda ya kamace shi, ni kuma ina ganin gida biyu ya fi sauƙin haɗawa. Allon wannan Asabar na zana shi bisa ra'ayinsa, kuma kalmar farko a kwance ita ce tsamiya, a gida shida.