Allah ya jiƙan Malamarmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Daren jiya Allah ya yi wa Malamarmu ta aji ɗaya rasuwa.

Ita ta koya min riƙe fensir. Hannuna na rawa, sai ta ɗora nata a kai, mu ja layin tare har harafin ya zauna. Yatsunta kullum fari fat da alli. In yaro ya yi fashin kwana biyu, ba ta tsayawa a kan rajista, ana tashi za ta bi shi har gida ta ji dalili. Da yawanmu wannan bibiyar ce ta hana mu barin makaranta.

Da yamma kuma ga ajin yaƙi da jahilci, ba ta karɓar ko sisi. A nan mahaifiyata ta fara rubuta sunanta da kanta. Akwai faɗa fa, musamman ga mai makara, amma ba ta riƙo.

Allah ya gafarta miki Malama, ya sa Aljanna ce makoma. Tsofaffin ɗalibanta, wa zai riƙe ajin yamman nan? Ku neme ni mu tattauna.