Rumbun bayanai ba da hannu muke gina shi ba

A ɗan kamfaninmu akwai ƙa'idar da ba ma sassauci a kanta: ba wanda zai shiga sabar da jama'a ke aiki a kai, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da rumbun bayanai, ya ƙirƙiri teburin bayanai da hannu, ko da ni ne. Duk canjin da za a yi wa rumbun bayanai sai an rubuta shi a fayil, an ba shi lamba, ya shiga Git, ma'ajiyar da ke riƙe tarihin canje-canjen fayiloli, tare da sauran manhajar. In da Flyway muke aiki, wato manhajar da ke gudanar da waɗannan fayiloli bi da bi, fayil na farko V1, na biyu V2, haka har ƙarshe. Ita Flyway tana da teburin tarihi a cikin rumbun, ta san abin da ta riga ta gudanar. Wani ya taɓa tsohon fayil, ko waƙafi ɗaya ya ƙara, sai ta tsaya cak ta ƙi ci gaba. Wannan taurin kan nata shi nake so.

Wurin maigidana na samo wannan hali. In na ce na gama, ba ya duba komai, sai ya goge rumbun gwajin ƙarƙaf ya ce, "To, tayar da shi." Umarni ɗaya ya yarda a buga. In bai tashi da teburansa da izinin masu shiga da bayanan farko ba, aiki bai ƙare ba. Allah Ya saka masa da alheri, yau haka nake yi wa yarana.

Inda gwaninta take shi ne sanin wace sigar manhaja ke jituwa da wace. Manhajar rumbun bayanai ta MySQL 8.0 da ta fito a 2018 ta sauya hanyar tantance kalmar sirri, tsofaffin manhajoji da yawa da aka rubuta da yaren kwamfuta na PHP suka kasa haɗuwa da ita. PostgreSQL 15, ita ma manhajar rumbun bayanai, a 2022, ta daina barin kowa da kowa ya ƙirƙiri tebur a sashen public, fayilolin da suka yi shekaru suna aiki lafiya suka fara tuntuɓe. Django 4.2 kuma, wadda ake gina manhajojin yanar gizo da ita, ta rufe ƙofa ga MySQL 5.7. Sannan ga bambancin hali: a PostgreSQL, in canjin tsarin tebur ya lalace a tsakiya, ana iya janye shi gaba ɗaya. MySQL kuwa, duk umarnin da ya wuce ya zauna, sai a tarar da rabin aiki. Shi ya sa muke gutsuttsura canje-canjenta ƙanana, muke kuma ɗaure siga a Docker, manhajar da ke ƙunshe kayan aiki a akwati ɗaya, abin da ke kwamfutar gwaji shi ne a sabar.

Amma kwastoma bai ganin wannan. Sai ya ce, "Malam, wani ya ce zai yi mini a rabin kuɗin." Zai yi kuwa. Zai danna-danna teburan da hannu, ya kwafe rumbun ya zuba, ya tafi abinsa. Arha ba ta ado. Ranar da za a ɗaga siga ko a koma wata sabar, ba fayil, ba tarihi, ba wanda ya san dalilin da ya sa rumbun gwaji da na aiki suka bambanta. Irin wannan in ya dawo hannunmu, sai mun fara kwatanta su tebur bayan tebur kafin mu iya rubuta V1.