Ranar Lahadi a Illela

Ana idar da sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da kawuna, cikin wata ƙaramar mota da aka cika mu maƙil. Raguna zai sayo, shi ya sa ya matsa in raka shi. Tafiyar ba ta kai kilomita 90 ba. Muna wuce Kware da Gwadabawa ƙasa ta soma sauya kama: itatuwa suka ragu, sai gawo da aduwa jefi-jefi, ga rairayi, ga gonakin gero da aka riga aka girbe.

Illela ita ce ƙaramar hukuma ta ƙarshe a kan wannan hanya. Gada na gabas da ita, Tangaza na yamma, arewa kuwa Jamhuriyar Nijar ce, inda Birnin Ƙwanni ke 'yan kilomitoci kaɗan daga ƙofar iyaka. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 1,246, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum dubu 150 da 'yan kai. Amma wanda ya shigo ranar Lahadi zai rantse an rage lissafin, domin rabin 'yan kasuwar ba a nan suka kwana ba. Ga Adarawa da Gobirawa, ga Fulani da sandunansu, ga Buzaye sun naɗe fuska suna jan raƙuma. A kara na ji dillali yana ciniki da naira, ya juya ya ƙarasa da wani da jikar sefa, harshensa bai ko sarƙe ba. Ni ne na rikice da lissafin dala, har sai da wani ɗan canji ya fahimtar da ni cewa dala ɗaya sefa biyar ce.

Abin da ya fi tsaya mini a rai dai ba a kasuwa na gan shi ba. Bayan azahar Kawu ya ce mu hau kabu-kabu mu je Kalmalo mu gai da wani tsohon amininsa. Tun ina yaro nake jin labarin tafkin Kalmalo da kifinsa. Dattijon ya kai mu bakin wani fili mai faɗi, ƙasarsa baƙa, duk ta tsattsage, ya nuna da sanda.

"Ɗana, wanga wuri da kaka gani, duk ruwa na. Nan munka koyi su."

Ruwan tafkin daga Nijar yake gangarowa, ta kwarin Majiya da ya taso daga tuddan Adar. Da aka yi madatsun ruwa a can sama don noman rani na Ƙwanni, ga fari, ga yashi na cike tafkin, sai abin da ke isowa ya ragu. Ban ji ya zagi kowa ba. Ya ce masu noma da ruwan can ma danginsa ne, ɗiyarsa a Ƙwanni take aure. Raina ya sosu ƙwarai, don na ga masunta sun koma haƙa rijiyoyi a inda iyayensu suka tuƙa kwalekwale, samari da yawa kuma sun tafi cin rani.

Ya ba mu labarin wahalar da suka sha lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023, yadda motocin kaya suka yi layi, zuwa biki ko ta'aziyya ma sai an bi ta daji.

Da la'asar sakaliya muka koma tasha. Kawu ya sa aka ɗaure ragunansa uku a bayan mota, dukansu daga ƙetaren iyaka aka koro su da safen nan.