Shagon caji da ya koma aji

Sana'ata cajin waya da buga takardu, a wani ƙauye kusa da Ringim. Jarin ba shi da yawa: farantan sola huɗu a kan kwano, batura biyu, tsohuwar kwamfuta da firinta, sai bencin da samari ke zama suna gardamar ƙwallo. Janareta kuwa, tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 na tura shi lungu.

A watan na Mayu ne aka kwaso ɗaliban Najeriya daga Sudan, bayan faɗan da ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu tsakanin sojan ƙasar da dakarun rundunar ɗaukin gaggawa ta RSF. Har da ɗan yayata mai karatun likita, da aka fito da su ta iyakar Masar. Jaka ɗaya ya dawo da ita, littattafai duk suna can.

Ya yi watanni a zaune, har an fara cewa karatu ya bi ruwa. Sai malamansu, wasu daga Alƙahira wasu daga Port Sudan, suka buɗe zaure a Telegram. Ran nan ya shigo ya ce, "Kawu, aron soket ɗaya nake so."

Nan na gane darasin bidiyo kai tsaye ba na ƙauye ba ne. Zoom cin data gare shi, sabis ɗinmu kuma da hadari ya haɗu ya gudu. Saƙon murya da PDF su suka riƙe karatun. Bayan sallar asuba muke saukewa, kafin jama'a su cika layi, wayar na rataye a ƙusa jikin tagar gabas, don nan kaɗai take kama sanda uku. Ni kuma in buga masa gaba da baya, saboda takarda ta yi tsada. Agogon Sudan ya riga namu da awa ɗaya, abin da ya sa ya taɓa makara a wani gwaji, sai na rubuta lokutan biyu da alli a bango.

A Fabrairun 2024 sadarwa ta ɗauke a Sudan, zauren ya yi tsit. Kullum zai zo ya duba, ya share min ƙurar hunturu daga farantan, ya koma gida. Ranar da muryar malamin ta dawo, sai da masu gardamar ƙwallo suka yi shiru.

Kuɗin takarda kawai nake karɓa. Na caji kuwa, yayata ke biya da ƙwaryar fura duk ranar kasuwa.