Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ƙarin da ya ƙi motsewa

Jama'a assalamu alaikum, makon jiya na tsaya ne inda aka ce min ƙarin mahaifa ne wato faibroid, to ni ko a jikina don matan gidanmu da yawa sun yi shi, Yaya ma an cire mata nata tana nan garau har ta ƙara haihuwa. Burina kawai a yi min aikin nan na ƴan huji a ciki ba sai an tsaga ni ba, in warke da wuri in koma bakin aiki, kun san zaman Amurka in ba ka fita ba ba ka ci.

Likitar ta ce sam. Wai na haura 50, al'ada ta ɗauke, amma ƙarin sai girma yake ga jini na ɗiga, alhali faibroid na gaske motsewa yake in al'ada ta tsaya. Ta ce akwai wata kansa (ciwon daji) ta naman mahaifa ana ce mata sarkoma, ba kasafai ake samunta ba amma a sikanin kamarsu ɗaya da faibroid, ko MRI ba ya ba da tabbaci sai an ciro an kai lab. Shi kuma aikin huji sai an sa wata na'ura ta daddatsa ƙarin ƙanana-ƙanana kafin ya fito ta ƴar kafar, in kuwa kansa ce to an watsa ta cikin ciki ke nan kamar an yafa iri.

Nan ta ba ni labarin Dakta Amy Reed, ita ma likita ce fa, mai ƴaƴa shida, irin aikin aka yi mata a Boston a 2013 ashe sarkoma ce, ta bazu, ta rasu a 2017 tana da shekara 44. Ita da mijinta suka yi ta kai ruwa rana har hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi kan na'urar a 2014, ta ce kusan mace 1 cikin 350 da ake wa tiyatar faibroid kansar ce a ɓoye. Wasu likitocin na ganin adadin bai kai haka ba, ni dai jikina ya riga ya mutu.

Baban Amira ne ya yi ƙarfin halin tambaya, to yanzu meye mafita? Ta ce a buɗe ciki a cire mahaifar ɗungurungum ba tare da an yanka ƙarin ba. Muka sa hannu.

Saura sanar da Hajiya, wadda ta riga ta sa an haɗo min sassaƙe za a ba wani mai tahowa. Yadda muka kwashe da ita a waya sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.